Kalmar da ta yi yawa a kundin Python

Bayan ƙaramar sallar 2024 da ƴan kwanaki abin ya faru, a tsakiyar zafin nan na Afrilu da duwatsun Damagaram ke wuni suna shan rana su kwana suna amayar da ita. Ina koyar da Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, bayan la'asar a wani ɗan ɗaki a Zango, kwamfuta shida, yara tara, wasu biyu-biyu a kan kujera ɗaya. Yawancinsu ɗaliban Jami'ar André Salifou ne, biyu ƴan lise. Al'adata ita ce in sa su buɗe kundin bayanin Python na docs.python.org sau biyu, Faransanci a hagu, Ingilishi a dama. Mu da Faransanci muka yi boko, amma ranar da shirinka ya karye, da Ingilishi Python zai yi maka faɗa. Gara ido ya saba tun da wuri.

Wata ɗalibata da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu.

"Mushe, wannan kalmar sau biyu ake rubuta ta?"

Na sunkuya na karanta jimlar ban ga komai ba. Na sake karantawa, shiru. Sai da ta ɗora farce a kan gilashin sannan na ga "the the" zaune gefe da gefe kamar tagwaye. Ni da nake taƙama na ɗan iya Ingilishi, idona ya saba tsallake ƙananan kalmomi. Ita kuwa kalma-kalma take bi tana motsa leɓe, yadda muke yi a ajin firamare lokacin da kuskure biyar a dikte ke ba ka sifili. Wanda aka haifa cikin harshen zai wuce wurin sau ɗari bai gani ba.

Ta ce to wa ake faɗa wa? Na buɗe baki na ce ai kowa na iya gyarawa, kundin na jama'a ne, ƴan sa kai ke rubuta shi. Gaskiya na faɗa, sai dai ban taɓa yi ba ko sau ɗaya. Wani ɗan lise mai bakin tsiya ya ce, "To Mushe, a gyara mu gani." Baki shi ke yanka wuya. Na ce su ba ni mako guda.

Da dare na sayi forfen intanet na jaka guda, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa. A gefen kowane shafi na kundin akwai wata ƴar mahaɗa da ke kai ka ga asalin rubutun. Na danna, ta kai ni GitHub, shafin da masu rubuta shirin kwamfuta ke ajiye aikinsu, cikin rumbun da ake kira cpython, inda Python kansa yake zaune tun da aka maido shi can a 2017. Duk kundin yana cikin jaka ɗaya mai suna Doc, fayil-fayil masu ƙarewa da .rst. Rubutu ne tsura, babu ado, sai ƴan alamomi: taurari, waƙafi bibbiyu, layin daidai a ƙarƙashin kanun magana. Wata manhaja mai suna Sphinx, wadda Georg Brandl ya ƙirƙira a 2008 musamman don kundin Python, ita ke ɗaukar wannan tsuran rubutu ta mai da shi shafukan da muke gani.

A nan na gane yadda kalmar ta ɓuya. A asalin fayil ɗin ana yanke layuka kusa da harafi 80. "The" ta farko ita ce ƙarshen wani layi, ta biyu ita ce farkon layin da ke bi mata. Wanda ya rubuta ya kai ƙarshen layi, ya sauko, hannunsa ya maimaita. Ko ka sa kwamfuta ta nemo maka "the the" a jere ba za ta samu ba, don akwai karyewar layi a tsakaninsu. Sai an mai da rubutun shafi, layukan sun ɗinke, sannan su haɗu.

Da na tsaya a nan, da aikin minti goma ne. Akwai ɗan hoton fensir a kan fayil ɗin, ka danna, GitHub ya yi maka kwafin rumbun da sunanka, ka goge kalmar, ka aika. Amma na ce a raina, malami guda ya aika wa manyan duniya takarda a kan kalma ɗaya tak? Bari in tara su da yawa, in shiga da kaya a ka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na sauko da rumbun kan kwamfutata. Tarihinsa ya haura shekara 30, tun kafin Guido van Rossum ya fitar da Python ga jama'a a 1991 ake tara shi, kuma saukar da shi duka zai cinye forfena ya nemi ƙari. Sai na yi git clone, umarnin sauko da rumbu a manhajar git mai riƙe tarihin gyare-gyare, na ƙara masa --depth 1, wato a ba ni halin da yake ciki yau kawai, a bar tarihin. Duk da haka sai da wuta ta ɗauke a tsakiya, na koma kan batirin waya. Na yanki reshe nawa daga babban reshen main, wato kwafin da zan yi gyara a kansa ba tare da na taɓa na asali ba, na shiga farauta.

Dare uku ina karatu da jan ido. Na samo "behaviour" a wurare da dama, alhali a wasu shafukan "behavior" aka rubuta. Na ce an kama ɓarawo, na daidaita guda bakwai. Sannan a shafin urllib.request, cikin misalan da ake nuna yadda ake ƙara bayani a kan saƙon da za a aika wa saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet, na ci karo da layin da ke cewa req.add_header('Referer', da sauransu. Na duba ƙamus: "referrer" ake rubutawa, r biyu a tsakiya. Daɗi ya kama ni, na ce wannan ai babban kifi ne, kuskure a cikin misalin shiri kansa. Na ƙara r.

Ƙanena da ke zaune kusa yana shan shayi shi ma ya kawo nasa. A babi na 8 na darasin farko, wanda ke magana kan kurakurai, ya ga an rubuta while True print('Hello world') babu ɗigo biyu bayan True. Wannan kam na yi masa dariya, na ce da gangan aka bar shi, ana so a nuna wa ɗalibi yadda Python ke kuka in an manta ɗigon. Ina yi masa dariya ban san irin nasa na aikata ba a shafin da ya wuce.

Kafin in aika sai na gina kundin a kwamfutata in ga ko ban karya komai ba. A cikin jakar Doc ana buga make venv, ya sauko da Sphinx da ƴan rakiyarta, sannan make html. Tsohuwar kwamfutata ta yi ta huci kamar jakin da aka yi wa lodin ruwa daga famfo, fankarta na ƙara, na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta. Na yi alwala, na yi shafa'i da wutiri, na dawo tana nan tana yi. Daga ƙarshe ta gama babu gargaɗi. Na tura reshen, na buɗe takardar neman a karɓi gyara, na rubuta da Ingilishina na makaranta cewa na gyara kurakuran rubutu tara.

Kafin mutum ya kalle ta, na'urori suka fara. Wani bot, wato manhaja mai aiki da kanta, ya ce ban sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa ta Python Software Foundation ba, wadda ke ba gidauniyar izinin rarraba abin da ka rubuta. Ko harafi ɗaya ne sai ka sa. Na danna na sa, alamar ta ƙi komawa kore. Na sake, ta ƙi. Kwana guda na yi ina zargin intanet, ashe laifina ne: kwamfutar ta hannu ce na saya, kuma git ɗin da ke kanta yana ɗauke da imel ɗin mai ita na farko. Gyarana ya tafi da sunan wani bawan Allah da bai san ana yi ba. Na canza imel ɗin da git config, na sake hatimce gyaran da sunana, na tura da ƙarfi a kan na farko. Sai kore.

Wani bot ɗin mai suna bedevere shi kuma aikinsa ya duba abu biyu: lambar ƙorafin da gyaran ke amsawa, da ɗan labarin da za a sa a jerin sauye-sauyen fitowa ta gaba. Gyaran rubutu ba ya buƙatar ko ɗaya, jagorar masu aikin Python ta faɗi haka, amma sai an manna wa takardar tambarin "skip issue" da "skip news" kafin ya yi shiru. Ni ba ni da ikon mannawa. Na zauna jira.

Kwana huɗu. Kullum da asuba kafin in tafi masallaci sai na leƙa waya. Yara suna tambaya, ina cewa ana kan hanya.

Ranar ta biyar wani mai dubawa ya amsa. Ban san shi ba, ban san ƙasarsa ba. Ya yi godiya tukuna, sannan ya bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, irin ladabin da ya fi zagi sa mutum jin kunya. Ya ce "the the" daidai ne, an gode. "Behaviour" ba kuskure ba ne, rubutun Ingila ne, "behavior" kuma na Amurka, kuma ba a son a riƙa bin tsofaffin shafuka ana juya irin wannan don kawai a daidaita. Wannan ya kamata in gane da kaina, ni da nake rubuta ƴa da ƴan da harafi mai lanƙwasa kamar yadda aka koya mana a Nijar, alhali ƴan'uwanmu na Kano da Katsina waƙafi suke sa wa a gaban y. In wani ya bi littafin Kano yana maye masa namu, ai ba gyara ya yi ba, neman magana ne.

Sai ya zo kan babban kifina. Ya ce kada a taɓa "Referer". Haka sunan yake a ƙa'idar HTTP, wadda burauza da saba ke magana da ita, da r ɗaya a tsakiya, kuma in aka ƙara masa harafi, misalin zai daina yin abin da aka ce yana yi, don sabar da ke can ba ta san wani abu mai r biyu ba.

Na je na bincika, na tarar da labari. Wannan shi ne bayanin da burauzarka ke aika wa shafi don ta gaya masa daga wane shafi ka fito. Tun a farkon shekarun 1990 aka rubuta shi da kuskure, ya shiga takardar ƙa'ida RFC 1945 a 1996 a haka, kafin a ankara duniya ta gina a kansa. Abin dariya, da aka zo daga baya aka ƙirƙiri Referrer-Policy, wanda ke iko da shi, sai aka rubuta sabon daidai da r biyu. Yau su biyun suna aiki tare, ɗaya gurgu ɗaya lafiyayye, ba mai iya taɓa gurgun. Akwai irinsa a Unix, wani tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta: umarnin ƙirƙirar fayil da ake kira creat babu e a ƙarshe. An sha ruwaito cewa da aka tambayi Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, abin da zai canza in da zai sake gina Unix, wannan e ɗin ya ambata. Har yau ba a ƙara ba.

Akwai ƙorafi na uku, ƙarami. Da na goge kalmar, manhajar rubutuna ta sake jera layukan sakin gaba ɗaya don su cika harafi 80. A idona babu abin da ya canza. A shafin bambanci na GitHub kuwa, inda ja ke nuna abin da aka cire kore ke nuna abin da aka sa, layi shida suka yi ja, shida suka yi kore, mai dubawa sai ya bi su duka yana neman inda na taɓa. Ya roƙe ni in bar layukan yadda na same su, ko da ɗaya zai fi sauran gajarta.

Daren nan Baba ya fito shan iska ya tarar da ni na zuba wa kwamfuta ido. Alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, kuma har yanzu gardawa daga Birni da Garin Malam na kawo masa allo ya duba musu satu. Ya ce, "Kai kuma me ya hana ka barci?" Na ce, "Baba, gyara na je yi aka ce na yi ɓarna." Na kwashe labarin Referer na faɗa masa iya yadda zan iya da Hausa.

Ya yi murmushi ya ce in ɗauko masa allo a zaure. Ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta kalmar salla yadda take a Mus'hafi, da wawu a inda mai karatun Larabcin makaranta zai sa alifi. Ya ce, "Yaron da ya yi nahawu shekara biyu, in ka ba shi duba allo, nan zai fara kai hannu. Ya ga ya san ƙa'ida." Sannan ya rubuta fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama, irin rubutunmu na Warshu, ya ce wanda ya tashi da bugun gabas zai rantse an yi kuskure biyu. Ya ce shi in zai duba allo, kafin ya nemi abin da aka ɓata sai ya tabbata ya san abin da haka aka karɓo shi. Ba ina kwatanta littafin Allah da kundin kwamfuta ba ne, Allah ya tsare, shi ma ba haka yake nufi ba. Sana'ar mai duba rubutu yake gaya mini, wadda ya yi shekara arba'in yana yi ni kuwa na shige ta da dare uku. Ya wanke allon ya koma ciki.

Da safe na mayar da takwas, na bar ɗaya. Takardar da na so in shiga da ita da kaya a ka ta koma layi ɗaya ja, layi ɗaya kore. Bayan kwana biyu wani daga cikin masu ikon haɗewa ya karɓa, ya manna tambarin a kai gyaran reshen 3.12, wanda shi ne fitowar da jama'a ke amfani da ita a lokacin, tunda main na 3.13 ne da bai fito ba sai Oktoban shekarar. Wani bot mai suna miss-islington ya ɗauki gyaran ya kai can da kansa, ban ɗaga yatsa ba.

Na shiga aji ina ƙoƙarin ɓoye fara'a. Na ce wa ɗalibar ta buɗe shafin. Ta buɗe na dama, "the" ɗaya ce. Aji ya yi tafi, ɗan lisen nan har da miƙewa. Sai ta juya na hagu, ta yi shiru.

"Mushe, Faransancin ya tafi."

Na duba. Shafin duk Faransanci ne, sama da ƙasa, amma sakin layin da na taɓa ya koma Ingilishi tsirara a tsakiyarsu.

Wannan ne ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane. Fassarar kundin, wadda aka ba izini a hukumance da takardar PEP 545 a 2017, ba shafi-shafi ake ajiye ta ba. Ana ajiye ta a fayilolin .po, sakin layi bayan sakin layi: a sama asalin Ingilishin a ƙarƙashin msgid, a ƙasa fassararsa a ƙarƙashin msgstr. Lokacin gina shafi, Sphinx na ɗaukar sakin Ingilishi ta je ta nemi wanda ya yi daidai da shi harafi da harafi. In ta samu, ta sa fassarar. In ko waƙafi ɗaya ya bambanta, a wurinta baƙo ne, sai ta bar Ingilishin. Fayil ɗin Faransanci yana nan riƙe da "the the". Da na cire ɗaya, makulli ya daina shiga kwado. Kuma ba Faransanci kaɗai ba: duk harshen da ya riga ya fassara wannan sakin, Sifaniyanci ne, Japananci ne, Koriyanci ne, haka ya same shi. Ina zaune a kan tabarma a Zango na tsinke wa mutanen da ban taɓa gani ba zaren fassararsu. Sai a lokacin na fahimci dalilin da ya sa mai dubawa bai so a taɓa "behaviour" bakwai ɗin nan ba. Da sakin layi bakwai ne za su tsinke a kowane harshe, a kan abin da ba kuskure ba.

Ba wani bala'i ba ne, haka tsarin yake tafiya kullum. Masu fassarar Faransanci, da rumbunsu python-docs-fr ke ƙarƙashin AFPy, ƙungiyar masu Python da ke magana da Faransanci, lokaci-lokaci suna jawo sabon Ingilishin su haɗa da nasu. Manhajar haɗawar in ta ga sakin da ya yi kama da tsoho amma ba shi ba ne, sai ta riƙe tsohuwar fassarar ta rubuta "fuzzy" a samanta, wato akwai shakka, mutum ya duba. Muddin kalmar na nan, fassarar ba ta fita ga masu karatu. Sai wani ya karanta, ya ga ma'ana ba ta canza ba, ya goge layin.

Na ce wa ɗalibar tunda ita ta ga na farko ta kuma ga na biyu, wannan nata ne. Muka buɗe mata asusu. Muka jira har aka yi haɗin, kusan mako uku, tana leƙawa duk ranar aji. Ranar da tambarin shakkar ya bayyana, ta karanta Ingilishin da Faransancin sau biyu da farcen nan nata a kan gilashi, ta goge layi ɗaya. Kafin ta aika na tambaye ta ko ta ga wani abin a fayil ɗin da take son haɗawa. Ta ce ta ga wuri biyu da take zargi, amma ba ta tabbata ba, za ta rubuta su a takarda tukuna ta tambaya.

Ɗan lisen, wanda tun ɗazu yake wasa da jerin harsunan da ke saman shafin, ya juyo ya ce, "Mushe, babu Hausa a nan." Na ce babu. Ya ce sakin layi nawa ne a darasin farkon duka? Na ce ban ƙirga ba, ya buɗe fayil ɗin ya ƙirga. Aka kira magariba yana babi na 3.